YUGONG YI SHAN: MA'ANAR WANI KARIN MAGANAR SINANCI DA MATSALAR JUYA SHI ZUWA HAUSA

1.0 GABATARWA

Hulɗar Hausa da Sinanci ba ta yau ba ce. Tun a shekarar 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa, a 1964 kuma aka fara koyar da Hausa a Cibiyar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, wadda ta zama jami'a a 1994. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairu, 1971. A shekarar 2008 aka kafa Cibiyar Confucius don koyar da Sinanci a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, a kan hanyar Anacha zuwa Inugu. Ga kuma fataken da ke safara tsakanin Kantin Kwari na Kano da birnin Guangzhou. Duk wannan cuɗanya tana buƙatar tafinta da fassara, kuma masu wannan aiki sun san cewa karin magana yana daga cikin wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Wannan takarda za ta ɗauki ɗaya daga cikin fitattun karin maganar Sinanci, wato Yugong yi shan, ta dubi ma'anarsa da asalinsa da yadda marubutan Sin suka yi ta sarrafa shi daga ƙarni na 4 zuwa na 20. Daga nan za a auna shi da karin maganar da ya fi saurin faɗowa a ran Bahaushen da ya ji labarinsa, wato "Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa." Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, kamannin da ke tsakanin su biyun na sama-sama ne. Na Hausa yana magana a kan mutum ɗaya da sakamakon da zai ci da bakinsa. Na Sinanci kuwa a kan aikin zuriya yake, wanda mai fara shi ya san ba zai ga ƙarshensa ba. Mai fassarar da ya musanya wannan da wancan ya yar da abin da ya sa Sinawa suka riƙe karin maganar tsawon ƙarnoni.

2.0 MATSAYIN CHENGYU A CIKIN AZANCIN MAGANAR SINAWA

An daɗe ana tattara karin maganar Hausa, tun daga Merrick (1905) da Whitting (1940) da Kirk-Greene (1966) har zuwa Yunusa (1977). Wanda ya duba waɗannan ayyuka zai ga cewa galibin karin maganar Hausa yana ɗauke da hotonsa a jikinsa. Ko mutum bai taɓa jin "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ba, muddin ya san jinka zai iya warware ma'anarsa.

Sinawa sun kasa irin waɗannan maganganu gida-gida. Akwai yanyu, wato karin maganar baka na yau da kullum. Akwai xiehouyu, mai ɓari biyu, na farko ya kawo hoto na biyu ya warware shi. Wannan ya yi kusa da irin su "Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama" da "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta," sai dai Bahaushe yakan gabatar da manufa kafin hoto. Sai kuma chengyu, wanda shi ne abin nazarinmu. Galibinsa alamomin rubutu huɗu ne, kowace alama gaɓa ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu an tsamo su ne daga tsofaffin littattafan tarihi da falsafa. Irin wannan chengyu tamkar kan labari ne: wanda bai san labarin ba zai ji kalmomin amma ma'anar ta kuɓuce masa, wani lokaci ma ya fahimci kishiyarta. Abin da ya fi kusa da shi a Hausa shi ne maganganun da suka jingina da ƙissa, kamar "haƙurin Annabi Ayuba" ko "dukiyar Ƙaruna." Haka kuma yana tuna wa mai nazari dabarar Abubakar Imam a Magana Jari Ce, inda ya yi wa labarai da dama take da karin magana, illa dai a can karin maganar ya riga labarin wanzuwa, a nan kuwa labarin ne ya haifi karin maganar.

Kalmomin Yugong yi shan su ne kamar haka:

(1) yu: wauta, wawa
gong: dattijo, laƙabin girmamawa ga babba
yi: gusarwa, kawarwa
shan: tsauni

A tsarin nahawu wannan cikakkiyar jimla ce mai aikau da aikatau da karɓau. Amma a magana akan saka ta a gurbin suna ko sifa, kamar a ce an yi wani aiki da "ruhin Yugong yi shan." A wajen Sinawa maganar yabo ce. Tana nufin tunkarar aikin da ya fi ƙarfin mutum ba tare da ja da baya ba.

3.0 ASALIN LABARIN

Labarin yana cikin babi na biyar na littafin Liezi, ɗaya daga cikin manyan littattafan falsafar Dao. Ana jingina littafin ga Lie Yukou, wanda aka ce ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), amma mafi yawan masana suna ganin an harhaɗa shi yadda yake a yau wajen ƙarni na 4 na Miladiyya. Zhang Zhan ya yi masa sharhi a cikin wannan ƙarni, A. C. Graham kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1960.

Ga taƙaitaccen labarin. Wani dattijo da ake kira Yugong, mai kusan shekara 90, yana zaune a gaban tsaunuka biyu, Taihang da Wangwu, waɗanda suka tare masa hanyar kudu, kullum sai an yi doguwar kewaya. Sai ya tara iyalinsa ya kawo shawarar a baje su. Kowa ya amince, ban da matarsa wadda ta tambaye shi da wane ƙarfi zai yi, kuma ina za a zuba ƙasar da duwatsun. Aka ce a gaɓar tekun Bohai. Sai ya ɗauki mutum uku daga 'ya'yansa da jikokinsa, suka shiga fasa dutse da haƙar ƙasa suna jida a kwanduna. Ɗan wata maƙwabciya da mijinta ya rasu, yaro ne da bai daɗe da famfara ba, shi ma ya rugo ya shiga aikin. Saboda nisan tekun, sawu ɗaya yakan ci su daga hunturu zuwa bazara.

Wani tsoho mai suna Zhisou ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa da ragowar kwanansa ko ciyawar tsaunin ba zai iya gamawa da ita ba. Yugong ya mayar masa da cewa in ya mutu akwai ɗansa, ɗan zai haifi jika, jikan ya haifi nasa, zuriya ba ta da iyaka, tsauni kuwa ba ya ƙaruwa. Zhisou ya rasa ta cewa. Iskan tsaunin, mai riƙe da macizai, ya ji tsoron cewa lallai mutumin nan ba zai daina ba, sai ya kai ƙara wurin Di, Sarkin Sama. Gaskiyar zuciyar dattijon ta taɓa Sarkin Sama, ya umarci 'ya'yan Kua'e su biyu suka goya tsaunukan suka sauya musu wuri.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, hujjar Yugong ta lissafi ce: abin da ke ƙaruwa ba iyaka zai cinye abin da ba ya ƙaruwa, komai girmansa. Na biyu, ba shi ya kammala aikin ba, kuma bai taɓa cewa shi zai kammala ba. Na uku, labarin da ke biye da wannan a cikin babin shi ne na Kuafu, ƙaton da ya ruɗu da ƙarfinsa ya bi rana da gudu har ƙishirwa ta kashe shi. Jera labaran biyu kusa da juna ya fito da bambancin: ƙato shi kaɗai cikin gaggawa ya halaka, raunanan tsoho da yaro cikin jama'a da jinkiri suka girgiza iskan tsauni.

4.0 SARRAFA KARIN MAGANAR A ADABIN SIN

4.1 Karatun Masu Falsafar Dao

A wajen Zhang Zhan jigon labarin shi ne ƙarancin hangen mutanen duniya. Ya nuna cewa wanda jama'a ke kira wawa ba lallai ne ya rasa hikima ba, kuma mai auna nasara da kwanakin rayuwarsa dole ya yi baƙin ciki, amma babban mutum yana ganin dubban zamunna kamar ƙiftawar ido. Ke nan a wannan karatu, batun lokaci ne a gaba, aikin haƙa kuwa alama ce kawai. Wannan ya dace da babin gaba ɗayansa, wanda yake tattauna cewa girma da ƙanƙanta, tsawo da gajarta, duk sun danganta ne ga mai aunawa. Shi ya sa kalmar yu ta sami daraja a wajen marubuta. Liu Zongyuan (773-819), lokacin da aka kore shi daga fada zuwa Yongzhou, ya raɗa wa rafin da ke kusa da gidansa suna Rafin Wawa, yana mai gugar zana ga masu wayon fada. Akwai ma wani chengyu, da zhi ruo yu, mai nufin babbar hikima takan yi kama da wauta.

4.2 Karatun Masu Neman Sauyi

A farkon ƙarni na 20 karin maganar ya sake riga. A wata maƙala da ta fito a mujallar Xin Chao cikin Janairun 1919, Fu Sinian ya ɗauki Yugong a matsayin misalin ci gaban ɗan Adam: mutum ɗaya yana mutuwa, amma jinsin mutane yana wanzuwa, kuma ci gaba tarin ƙananan ayyukan al'ummomi ne masu bin juna. A 1940, ana tsakiyar yaƙi da Japan, mai zane Xu Beihong ya yi babban zanensa na wannan labari lokacin da yake Indiya bisa gayyatar Rabindranath Tagore. Ya cika gaban zanen da ƙarti majiya ƙarfi suna ɗaga magirbai, dattijon kuwa yana gefe. Wato nauyin ma'ana ya tashi daga kan hikimar tsoho ya koma kan damatsan jama'a.

4.3 Karatun Mao Zedong

Ranar 11 ga Yuni, 1945, Mao Zedong ya rufe babban taro na bakwai na Jam'iyyar Kwaminis a Yan'an da jawabin da ya gina a kan wannan labari. Ya fassara tsaunukan biyu da mulkin mallaka da mulkin masu gonaki na gargajiya, ya kuma ce Sarkin Saman da za a taɓa wa zuciya shi ne talakawan Sin. Da wannan dabara ta alamtarwa ya raba labarin da abin al'ajabin da ke ƙarshensa ba tare da ya yanke ƙarshen ba. A shekarun 1960 jawabin ya zama ɗaya daga cikin maƙalu uku da ake haddacewa a makarantu da masana'antu, tare da wanda ya rubuta kan likita Norman Bethune a 1939 da na bauta wa jama'a na 1944.

Daga nan aka mayar da adon magana aikin zahiri. Mutanen gundumar Lin a lardin Henan sun haƙa magudanar Jar Tuta a jikin tsaunin Taihang ɗin kansa daga 1960 zuwa 1969. Babbar magudanar ta kai kimanin kilomita 70, mutum 81 kuma suka rasa rayukansu a wajen aikin. Tsakanin 1972 da 1977 mutanen ƙauyen Guoliang suka huda hanya mai tsawon fiye da kilomita ɗaya a cikin dutsen da ya raba su da duniya. Sunan Yugong ya kai Turai ta fim ɗin Joris Ivens da Marceline Loridan na 1976, mai kashi 12.

4.4 Suka

Karin maganar bai tsira daga suka ba. Judith Shapiro, a littafinta na 2001 kan yadda aka yaƙi muhalli a zamanin Mao, ta kawo misalin cike wani ɓangare na tafkin Dian kusa da Kunming a 1970 don yin gonaki, aikin da ya ɓata tafkin bai kuma ba da amfanin da aka zata ba. A makarantun Sin ma akan yi muhawara kan ko ya fi wa dattijon ya tashi ya sake gida. Wato tambayar da matarsa ta yi, ta ina za a zuba ƙasar, ta sake tasowa bayan ƙarnoni. Abin lura shi ne, a duk waɗannan karatu, na yabo da na suka, babu wanda ya ɗauki labarin a matsayin na dauriyar mutum ɗaya.

5.0 MATSALOLIN FASSARA ZUWA HAUSA

5.1 Kalmar Dutse

Rabin kamannin da ake gani tsakanin karin maganar biyu daga Hausa ya taso. Kalmar dutse tana ɗaukar wanda ake jifa da shi, da na niƙa, da kuma irin su Dutsen Dala da Goron Dutse. Sinanci ya raba su: shi shi ne ƙaramin dutse, shan kuwa tsauni. Dutsen mai haƙuri a tukunya yake, a cikin gida, a hannun mutum ɗaya. Na Yugong kuwa ya tare wa gari guda hanya. Don haka tsauni ita ce kalmar da ta dace.

5.2 Kalmar Haƙuri

Kirk-Greene (1974) ya lissafa haƙuri cikin siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe, kuma karin magana irin su "Mahaƙurci mawadaci" da "Haƙuri maganin zaman duniya" sun tabbatar da haka. Sai dai kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Dubi waɗannan jimloli:

(2) a. Ya yi haƙuri har ya gama karatun.
b. Ya yi haƙuri da halin maƙwabcinsa.
c. Ya haƙura da karatun.

A (2a) ana nufin juriya, a (2b) kawaici, a (2c) kuwa dangana da barin abu ɗungum. In da Zhisou Bahaushe ne, abin da zai ce wa dattijon shi ne, "Baba, ka yi haƙuri ka bar wahalar nan." Haka kuma shekarun da mutanen garin suka yi suna kewaya tsaunin ba su koka ba, su ma haƙuri ne. Ashe ke nan Yugong shi ne mutumin da ya ƙi haƙura. Kalmar da za ta iya zama a bakin ɓangarorin gardama biyu ba za ta bambance gwarzon labari da abokin hamayyarsa ba. Naci da himma da dagewa sun fi kusa, kamar a "Himma ba ta ga rago."

5.3 Mai Shan Romo

Wannan ita ce babbar matsalar. Ƙarshen karin maganar Hausa alƙawari ne: wanda ya dafa shi zai sha. Aikau ɗaya ne daga farkon jimlar har ƙarshenta. Yugong kuwa da ambaton mutuwarsa ya buɗe hujjarsa. Sinanci yana da nasa takwaran karin maganar Hausan, wato mo chu cheng zhen, daga labarin tsohuwar da aka ce mawaƙi Li Bai (701-762) ya tarar yana yaro tana goga taɓaryar ƙarfe a dutse don ta mayar da ita allura. Nan ne "Mai haƙuri yakan dafa dutse" zai zauna daram. Haka shui di shi chuan, ɗigon ruwa na huda dutse, ya dace da "Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya" da "Da yayyafi kogi kan cika." Idan aka ba Yugong yi shan fassarar da ta dace da waɗannan, an haɗe abubuwan da Sinanci ya raba.

Karin maganar Hausa da ya kama zuciyar hujjar dattijon shi ne "Haihuwa maganin mutuwa," sai kuma "Kyan ɗa ya gaji ubansa." Karatun Mao kuwa ya fi kusa da "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." Amma na farko bai ambaci aiki ba, na ƙarshe kuma bai ambaci zamani ba. Ke nan babu karin maganar Hausa guda ɗaya da ya tattara naci da zuriya da taron dangi wuri ɗaya.

5.4 Lokacin Aikatau da Ajinsa

Kalmar yi a nan ba ta ɗauke da wata alamar lokaci. Hausa kuwa ba ta barin aikatau haka, tilas mai fassara ya zaɓa:

(3) a. Dattijon ya kawar da tsauni.
b. Dattijon yakan kawar da tsauni.
c. Dattijon zai kawar da tsauni.
d. Dattijon yana kawar da tsauni.

Jimla ta (3a) ta saɓa wa labarin, domin ba shi ya kawar ba. Ta (3b) ta mayar da abin al'ada, ta (3c) kuma ta yi alƙawarin da shi kansa bai yi ba. Lokaci mai ci na (3d) ne kaɗai ya bar aikin a buɗe yadda Sinancin ya bar shi. Azuzuwan aikatau na Parsons (1960) su ma suna da taimako a wajen ba da labarin. Aji na 2 yakan nuna taɓa sashen abu, aji na 4 kuma gamawa da shi kakaf. Saboda haka dattijon ɗibar tsaunin yake yi, 'ya'yan Kua'e ne suka ɗauke shi. A nan Hausa ta iya fito da bambancin da Sinanci ya dunƙule.

5.5 Sunayen Taurari

An gina sunayen biyu a kan gugar zana. Wawa ne aka ba laƙabin girma gong, mai hikima kuwa aka kira shi sou, wato tsoho kawai. Hausa tana da kayan aikin da za ta riƙe wannan, domin dattijo da tsoho ba ɗaya ba ne, kuma dattako da wauta ba sa haɗuwa a tunanin Bahaushe. "Dattijo Wawa" da "Tsoho Mai Wayo" za su sa mai karatu ya tsaya ya yi tambaya, kamar yadda ya san wawan sarki ba wawa ba ne. Haɗarin shi ne a kawo kalmomin huɗu tsurarsu. Bahaushen da ya ji "wawa yana kawar da tsauni" ba tare da labari ba zai ɗauka ana nufin aikin baban giwa, wato wahalar banza. Yabo ya koma zambo ke nan.

5.6 Di da Cheng

Bai dace a fassara Di da Allah ko Ubangiji ba, domin mai karatu Musulmi zai ɗora wa kalmar tauhidin da babu shi a labarin, jawabin Mao kuma ya zama saɓo a kunnensa. "Sarkin Sama" ya wadatar. Mai riƙe da macizai kuwa iska ne, kuma Bahaushe ya san iskokin duwatsu tun daga Tsumburbura a Dala har zuwa Kufena da Kwatarkwashi. Kalmar cheng, wadda ita ce ta taɓa Sarkin Sama, tana nufin gaskiyar zuciya, kusa da ikhlasi. Ma'anar wannan gaɓa ba baƙuwa ba ce ga mai cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka."

6.0 GURBIN KARIN MAGANAR A RAYUWAR HAUSAWA

Rashin takwara a karin magana ba ya nufin rashin abin a rayuwa. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136-1194), ya kammala, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya ƙara. Aikin jidar ƙasa ne na sama da shekara 500, wanda ya fara bai ga ƙarshe ba. Ba za a ce Gijimasu ya sha romo ba, amma Basine zai kira shi Yugong ba tare da wata-wata ba. Tsarin gandu da aikin gayya su ma a kan wannan tunani suka tsayu.

Haka abin yake ga zangunan Hausawa a kudu maso gabashin Nijeriya. Fataken shanu da na sauran kaya sun zauna a Inugu da Anacha da Fatakwal tun zamanin Turawa, har Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa wannan zama, bayan yaƙin kuma aka dawo aka sake kafawa. A nan ana iya ganin iyakar karin maganar biyu. Ɗan kasuwar da ke zaune a Obiagu ko wata unguwa ta Inugu, ya jure asara da kewar gida har ya mayar da jarinsa, shi ne mai dafa dutse. Amma wanda ya sayi filin masallaci ko makaranta, ko ya ƙulla amana da 'yan ƙasa, yana sane da cewa jikokinsa ne za su ci moriya, aikinsa na Dattijo Wawa ne. Wannan shi ne abin da malamai ke kira sadaka mai gudana, kuma shi ne darasin hadisin da ya kwaɗaitar da dasa itace ko da alƙiyama na tsayawa.

7.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa Yugong yi shan ya ratsa karatu iri-iri, daga falsafar lokaci ta Zhang Zhan zuwa ci gaban ɗan Adam na Fu Sinian da gwagwarmayar siyasa ta Mao, har zuwa sukar masu kare muhalli. Abin da bai sauya ba shi ne, aikin ya fi rayuwar mai yin sa tsawo. An kuma ga cewa "Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa" ya saɓa masa ta fuskar ma'anar dutse da ta haƙuri da kuma mai cin sakamako, fassarar kalma da kalma kuwa tana juya yabo ya zama zambo.

Saboda haka ana ba da shawara biyu. A rubutun ilmi da na adabi a riƙe hoton asali, a ce "Dattijo Wawa yana kawar da tsauni," tare da taƙaita labarin a karon farko. A tafinta da labaran rediyo, inda babu sararin bayani, ana iya zuba shi a ƙirar da kunnen Bahaushe ya saba da ita, kamar a ce, "Saura na jikoki, in ji Dattijo Wawa mai ɗibar tsauni." Hausa ta karɓi Ƙaruna da Ayuba daga Larabci har suka zama 'yan gida, don haka ba abin mamaki ba ne ta karɓi wannan dattijo. Ya rage ga masu nazarin fassara su bi sauran chengyu ɗaya bayan ɗaya da irin wannan awo, musamman waɗanda suka fito daga littattafan Zhuangzi da Han Feizi, domin a tantance waɗanda ke da takwara na gaskiya a Hausa da waɗanda kama ce kawai ta haɗa su.